Wai Darwin ne ya danne haƙƙin Wallace, ko faɗan da babu ruwanmu muke shiga?

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da daddare ina taya 'yata bitar bayoloji, jarrabawa ta matso, sai muka iso babin juyin halitta. Shafi uku cur aka ba Charles Darwin, har da hotonsa da uban gemu. Can ƙasa a layi ɗaya aka ce wani Alfred Russel Wallace ma ya zo da irin wannan tunani. Yarinya ta ce, Abba shi kuma wane ne? Na ce ban sani ba. Bayan ta kwanta na ɗan bincika, abin da na gani ya hana ni barci. Mutumin nan yana can wani tsibiri a Indonesiya, zazzaɓi na karkaɗa shi, ya rubuta bayaninsa ya aika wa Darwin a wasiƙa a 1858. Shekara ɗaya da 'yan watanni sai ga littafin Darwin ya fito, duniya ta ɗauka. Ni dai a ganina an yi wa talaka fin ƙarfi ne. Masu ilimin abin, ku warware mana.

Sadiya_Gwammaja:
Wa alaikumus salam. Ai dama haka duniya take Abban Hanifa, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

MalaminBayoloji:
Wa alaikumus salam. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da babin nan, kuma kusan duk aji sai an samu yaro mai kaifin kai ya yi wannan tambayar. Amma a yi hattara, ba a yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya.

Darwin bai samo tunanin daga wasiƙar Wallace ba. Tun wajen 1838 yake juya maganar a littattafansa na ajiya, kuma a 1844 ya rubuta dogon bayani ya ba abokinsa Joseph Hooker, masanin tsirrai, ya karanta. A 1857 ma ya taƙaita wa wani masani Ba'amurke, Asa Gray, a wasiƙa. Matsalarsa jan ƙafa, shekara ashirin yana tara hujja yana tsoron fitowa. Da wasiƙar Wallace ta iso masa daga tsibirin Ternate na Indonesiya a watan Yuni na 1858 sai hankalinsa ya tashi, don abin da yake ta ɓoyo ne wani ya rubuta a 'yan shafuka. A daidai kwanakin kuma ƙaramin ɗansa ba shi da lafiya, har ya rasu a ƙarshen watan. Sai Hooker da Charles Lyell, masanin duwatsu kuma aminin Darwin, suka ɗauki ragamar abin: ranar 1 ga Yuli 1858 aka karanta rubutun mutum biyun tare a taron Linnean, ƙungiyar masanan halittu, a Landan. Daga Darwin har Wallace babu wanda ya halarta.

SarkinMusu:
Allah gafarta Malam, ka faɗi gaskiya amma ka tsallake wani wuri. An tambayi Wallace kafin a karanta takardarsa? Ba a tambaye shi ba. Yana can bakin gaɓar New Guinea ƙafarsa duk gyambo, bai ma san ana yi ba sai bayan watanni. Sannan na wa aka fara karantawa? Na Darwin. Su wa suka shirya taron? Aminan Darwin. Idan a kotu ne ai sai a ce alƙali da mai gabatar da ƙara duk 'yan gida ɗaya ne.

MalaminBayoloji:
@SarkinMusu ban musa ba. Amma ka tuna wasiƙa a lokacin wata biyu zuwa uku take yi kafin ta je, ta yi wasu kafin amsa ta dawo. Kuma shi mai haƙƙin da labari ya same shi murna ya yi. Littafinsa mafi shahara, The Malay Archipelago na 1869, Darwin ya sadaukar wa. Da ya tashi rubuta babban littafi kan ka'idar a 1889, suna ya raɗa masa Darwinism. Ranar jana'izar Darwin a 1882 yana cikin waɗanda suka riƙe makara. Mutumin da aka zalunta ba ya haka.

SarkinMusu:
Ko kuma talaka ya san inda zai tsaya. Wanda ya bar makaranta yana ɗan shekara 14 saboda babu a gidansu, ya shiga aikin safiyo a bayan yayansa, ya samu manyan Landan sun ambaci sunansa kusa da nasu, me kake so ya ce? Godiya zai yi mana.

Ummu_Sadiq:
Ni kam kafin ku yi nisa, wannan magana ta mutum daga biri ce fa kuke tattaunawa kamar abin kirki. Mu dai mun san Annabi Adamu, alaihis salam, shi ne ubanmu. A'uzu billahi.

Dr_Kwari:
Hajiya Ummu Sadiq, babu wanda ya taɓa imaninki a nan. Tarihi ake yi. Kuma abin da mutanen nan suka bayyana wani ɓangarensa kina ganinsa a ɗakinki. Maganin sauron da kike fesawa shekarun baya yana kashewa, yanzu sai ki fesa su yi kamar turare kika yi musu. Ba wani sauro ne ya zauna ya koyi dabara ba. Cikin dubbai akwai 'yan kaɗan da maganin bai kama su sosai, su suka rayu suka hayayyafa, 'ya'yansu suka gaji abin, har suka zama su ne mafi yawa. Haka ƙwayar zazzaɓi ta daina jin kulorakwin har aka canza magani. Iyakar abin da Wallace ya gano ke nan a kan shimfiɗarsa ta jinya: ana haihuwa fiye da abin da abinci da wuri za su ɗauka, yawanci su mutu, wanda ya fi dacewa da wurin ya saura. Ya ce littafin Thomas Malthus kan yawan jama'a da ya karanta shekaru da dama baya ne ya faɗo masa a rai, shi ma Darwin littafin nan ne ya buɗe masa ido.

Wani abin da zai ba ki mamaki: a kan maganar ɗan Adam ɗin ma Wallace ya rabu da Darwin. A 1869 ya rubuta cewa hankalin mutum, da lissafi da waƙa da sanin ya kamata, wannan ka'ida ba ta isa ta bayyana su ba, dole akwai wani iko a sama. Darwin bai ji daɗi ba ko kaɗan.

Ummu_Sadiq:
To shi dai ya ɗan fi hankali ke nan. Na yi shiru, ku ci gaba.

Dan_Damagaram:
Salam. Ni abin da ya fi taɓa ni a labarin bawan Allahn nan ba faɗan suna ba ne, gobara ce. A 1848 shi da abokinsa Henry Walter Bates suka tafi Birazil, ba gwamnati ta tura su ba, ba kuɗin gado. Sana'arsu ita ce su kama ƙwari da tsuntsaye su busar su aika Landan, wakilinsu Samuel Stevens ya sayar wa gidajen tarihi da attajirai masu sha'awar tarawa. Shekara huɗu yana hawa kogin Amazon da Rio Negro. Ƙanensa Herbert da ya biyo shi ciwon shawara ya kashe shi a can a 1851. A 1852 ya kwaso kayansa ya hau jirgin ruwa mai suna Helen zai koma gida, ana tsakiyar teku wuta ta tashi a cikin kaya. Daga cikin kwale-kwale yana kallo akwatunan da ya yi shekaru yana cikawa suka ƙone, har da birai da aku masu rai da ya ɗauko. Abin da ya fita da shi ɗan akwatin kwano ne mai zanen kifaye da na itatuwan kwakwa, sai agogo da 'yan riguna. Kwana goma suna yawo a kan ruwa, rana ta sale musu fata, kafin wani jirgi ya tsince su.

Ni ɗan kasuwa ne, shagona ya taɓa ƙonewa da dare, da safe na zo na tarar da ƙarfen awo kawai da toka mai ɗumi. Wata shida ban iya bin layin ba. Shi kuwa wannan, shekara biyu ba ta cika ba ya sake ɗaura kaya ya nufi Singafo. Wallahi wannan zuciyar nake girmamawa.

Sadiya_Gwammaja:
Allah Ya mayar maka da alheri Ɗan Damagaram. To da me ya ci abinci bayan gobarar?

Dan_Damagaram:
Amin Yaya Sadiya. Wakilin nasa ya yi masa inshorar kayan, fam 200 aka biya shi. Da ɗan abin da ya rage a kansa da takardun da ya riga ya aika gida ya rubuta littafi biyu a 1853, ɗaya labarin tafiyar, ɗaya kan itatuwan kwakwar Amazon da amfaninsu.

Hafiz_Tudunwada:
Duk wannan surutu Turawa kuke ta yabo. Al-Jahiz na Basra ya rubuta Kitabul Hayawan kusan shekara dubu kafin a haifi waɗannan, ya yi maganar yadda dabbobi ke cin juna suna kokawar rayuwa. Amma a littafin 'yar Abban Hanifa ko layi ɗayan bai samu ba.

MalaminBayoloji:
Malam Hafiz, Jahiz babban malami ne kuma ya cancanci a koyar da shi, a wannan ina bayanka. Sai dai lura da cewa babba na cin ƙarami daban, bayyana yadda wannan ke haifar da sabon jinsi tare da kawo dubban samfura a matsayin hujja daban. Kada mu yi wa Wallace abin da muke zargin an yi masa.

Dr_Kwari:
Tunda an zo maganar waɗanda ba a ambata, bari in jefo nawa. A shekara takwas da Wallace ya yi a tsibiran nan, 1854 zuwa 1862, ya tara samfura 125,660. Shi da kansa ya ba da lissafin a farkon littafinsa: ƙwari dangin buzuzu kaɗai 83,200, malam-buɗe-littafi da danginsa 13,100, tsuntsaye 8,050. Kuna tsammanin hannu biyu ne suka yi wannan? Akwai wani yaro Bamalaye mai suna Ali da ya ɗauka a Sarawak, a tsibirin Borneo, yana da kamar shekara 15. Da farko girki yake masa. Daga baya ya koyi harbi da feɗe tsuntsu a cire fata ba a ɓata gashin ba, ya zama shi ne babban yaronsa, shi ke jinyarsa in zazzaɓi ya kayar da shi. Wani tsuntsun aljanna da aka samu a tsibirin Bacan a 1858, mai dogayen fararen gashi biyu a kowane fiffike, Ali ne ya harbo ya kawo. Wallace bai ɓoye ba, ya rubuta haka. Amma je ku duba sunan kimiyyar tsuntsun: Semioptera wallacii. Sunan wa kuka gani?

Da za su rabu a Singafo a 1862 ya ba Ali kuɗi da bindigoginsa biyu da harsasai da sauran kayan aiki. Ali ya koma Ternate inda matarsa take. A 1907 wani masani Ba'amurke, Thomas Barbour, ya haɗu da wani tsoho a can da ya ce masa shi ne Ali Wallace. To Abban Hanifa, idan ana neman wanda aka danne, layin yana da tsawo.

SarkinMusu:
Ka ga irinta ko! Babba ya taka matsakaici, matsakaici ya taka ƙarami.

Bakon_Kumasi:
Wannan ya tuna min da Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855 tare da wani yaron, Abbega. Shi ya yi sa'a, ya ba wa wani ɗan mishan mai suna Schön labarin rayuwarsa da Hausa aka rubuta, muna iya karanta yadda ya ga Landan da idonsa. Ali kuwa ko kalma ɗaya daga bakinsa ba mu da ita sai abin da wasu suka ce ya ce.

Kuma mu ma an yi mana irin wannan raɗin suna. Ɗorawar da kakanninmu ke daddawa da ita tun ba a san Turai ba, a littafin kimiyya Parkia take, sunan Mungo Park. Sannan akwai likitan nan William Baikie, tsaran Wallace ne, shi ma masanin halittu. Ya shigo Kwara da Binuwai a 1854 da jirgin Pleiad, ya riƙa ba mutanensa kwinin, maganin zazzaɓi, kullum har aka koma ba wanda zazzaɓi ya kashe, abin da ba a saba gani ba a tafiye-tafiyen Turawa a kogin. Daga baya ya zauna a Lakwaja, ya koyi Hausa, har Kano ya je a 1862. Akwai dangin itace da aka sa wa sunansa. Waɗanda suka nuna masa itatuwan a daji fa?

Abban_Hanifa:
Kai jama'a, na tambayi Ternate kun kai ni Lakwaja. Amma ina ƙaruwa, ku ci gaba.

Zee_Dalibar_Kimiyya:
Dr Kwari don Allah taimako, tunda maganar ƙwari ake. An ce kowa a ajinmu ya kawo akwatin ƙwari guda hamsin kafin ƙarshen zango. Sati uku ina bin fitilar bayan hostel da ragar da na ɗinka da tsohon gidan sauro. Na samu talatin da bakwai, na soke kowanne da allura, na baje fikafikan malam-buɗe-littafi da 'yan takardu yadda aka nuna mana, na rubuta wuri da kwanan wata. Na je gida hutun ƙarshen mako, na dawo na buɗe akwati: allurai a tsaye reras, kowace da ɗan gari a gindinta, kiyashi na fita ta kusurwa a layi ɗauke da ƙafar fara. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar an yi min mutuwa.

Dr_Kwari:
Sannu ƙanwata, kin shiga sana'a ke nan. Wallace ma ya sha wannan, ya rubuta yadda ƙananan tururuwa suka addabe shi a Dorey, can gaɓar New Guinea, suna hawa tebur suna kwashe ƙwaro yana cikin aiki a kansa. Ki sayi kafur ki daka, ki ƙulle a ɗan tsumma ki maƙale a kusurwar akwatin. Ki tabbata sun bushe sarai kafin ki rufe. Teburin kuma ki sa kowace ƙafa a cikin gwangwani da ruwa, kada ya jingina da bango.

Injiniya_Bala:
Ni dai ban ga wanda ya ambaci abin da ya sa har yau sunansa ke kan taswira ba. A 1856 ya rasa jirgin da zai kai shi Makassar, a tsibirin Sulawesi, kai tsaye, dole ya bi ta Bali da Lombok. Tsakanin tsibiran biyu kilomita kamar 35 ne, kana wannan gaɓa kana hango waccan. A Bali tsuntsayen da ya gani irin na Asiya ne. Yana tsallakawa Lombok sai ga farin aku mai tukku, ga wasu tsuntsaye masu tara tulin ƙasa da ganye su binne ƙwansu ɗumi ya ƙyanƙyashe, duk dangin na Ostareliya. Ya bi abin har ya ja layi daga nan ya wuce tsakanin Borneo da Sulawesi. Dalilin shi ne zurfin ruwa. Lokutan da ƙanƙara ta taru a duniya teku ta ja baya, Bali da Java da Borneo sun haɗe da Asiya ta ƙasa, dabba na iya takawa. Mashigin Lombok kuwa zurfinsa ya yi yawa, bai taɓa ƙafewa ba. Mutum ya karanto tarihin ƙasan teku daga gashin tsuntsu, ba na'ura ba komai. Thomas Huxley, masanin halittu abokin Darwin, shi ne ya raɗa wa layin sunan Wallace. Wannan kam ba wanda ya raba da shi.

Kawu_Isa:
Yara kuna ta yabonsa, ku faɗi ɗaya gefen mana. Dattijon nan ya koma zama da masu kiran ruhohin matattu, yana kare su a rubuce. Ya yi yaƙi da dokar tilasta rigakafin agana. Idan abokan aikinsa sun ɗan ja baya da shi, suna da dalili. Ba komai ne makirci ba.

Injiniya_Bala:
Gaskiya ne Kawu. Ga kuma cacar da ya shiga a 1870. Wani John Hampden ya sa fam 500 ya ce a nuna masa duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Wallace, tsohon safiyo, ya ga banza ta faɗi. Suka je wani miƙaƙƙen magudanar ruwa a gabashin Ingila mai tsawon mil shida, ya kafa alamomi a tsayi ɗaya daga saman ruwa, a farko da tsakiya da ƙarshe. Aka leƙa da madubin hangen nesa, ta tsakiya ta fi sauran tsayi, wato ruwan ya lanƙwasa. Alƙalin cacar ya ba Wallace. Hampden ya ƙi yarda, ya shafe shekaru yana zaginsa a takardu, har matar Wallace ya rubuta wa wasiƙar barazana, har gidan yari ya shiga a kan haka bai daina ba. Ƙarshe kotu ta ce a mayar wa Hampden da kuɗinsa, Wallace ya tashi da asarar kuɗin shari'a.

Hafiz_Tudunwada:
Kuɗin caca dama ba ya albarka.

SarkinMusu:
Hampden ɗin nan da yana raye yau da yana cikin group ɗin nan.

Sadiya_Gwammaja:
Ai yana ciki, sunansa kawai ya canza zuwa SarkinMusu.

MalaminBayoloji:
Hahaha. Bari in ƙara ɗaya a ma'aunin Darwin tunda Kawu ya buɗe ƙofa. Wallace bai taɓa samun tsayayyen aikin albashi ba bayan dawowarsa, kuɗin da ya samu daga samfuransa ya zuba a hannun jarin da ya rushe, har gyaran takardun jarrabawa ya riƙa yi don ya ciyar da gida. Darwin ne ya bi manya da takarda ana sa hannu har gwamnatin Firaminista Gladstone ta yanka masa fanshon fam 200 a shekara a 1881. Kuma a zamaninsa ba ɓoyayye ba ne. Da ya rasu a 1913 yana da shekara 90, yana cikin masanan da aka fi sani a duniya, sarkin Ingila ya ba shi babbar lambar girma a 1908. Mantuwar daga baya ta zo, lokacin da masu rubuta littafin makaranta suka ga suna ɗaya ya fi sauƙin haddacewa.

SarkinMusu:
Fansho bayan shekara 23. In ka ci naman mutum ka miƙa masa ƙashi ai ba kyauta ka yi ba. Ni har yanzu ina nan kan bakana, da an tambaye shi kafin a karanta takardarsa.

Abban_Hanifa:
Na gode ƙwarai. Da safe na ba Hanifa labarin jirgin da ya ƙone da na Ali, ta ce ita Ali ne nata. Ta kuma tambaye ni ko in ta rubuta Wallace da Darwin a jarrabawa maimakon Darwin kaɗai za a ba ta maki. Malam, kai ke gyara takardu, me zan ce mata?

MalaminBayoloji:
Ta rubuta duka biyun, amma ta fara da Darwin, kada ta gamu da mai gyara da ke sauri.

Zee_Dalibar_Kimiyya:
Dr na sayo kafur ɗin. Gwangwanin madara zai yi ko sai na tumatir babba? Teburin ƙarfe ne.